Yadda ma'aikacin lafiya da ba likita ba zai bi ƙa'idojin inshorar lafiya ta gwamnati har a biya shi haƙƙinsa

Na yi shekaru ina haɗa takardun neman biya a wata ƙaramar cibiya ta gashin ƙashi da awon jini a nan cikin garin Jos, kuma abin da na fi gani yana jefa abokan aiki cikin asara shi ne yin aiki kafin su san aljihun da kuɗinsu zai fito. Mai harhaɗa magunguna, da ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, da mai gashin ƙashi, da mai awon ido, da mai ɗaukar hoton ƙirji, da ungozoma, duk suna da gurbi a tsarin inshorar lafiya ta gwamnati, amma hanyar da ake biyansu ta bambanta da ta asibitin da likita ke jagoranta, kuma yawancin ƙa'idojin an gina su ne a kan takardar da likita ya rubuta. Wannan bayani na waɗanda ke da wurin aiki na kansu ne, ko kuma aka ɗora musu nauyin lissafi a inda suke aiki.

Tsarin ya samo asali ne daga dokar 1999 wadda ta kafa NHIS, wato shirin inshorar lafiya na ƙasa, aka ƙaddamar da shi a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, sannan a watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta maye gurbin NHIS da hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa. Hedikwatarta tana Utako a Abuja, kuma tana da ofisoshi a jihohi. Ban da ita, jihar Filato tana da tata hukumar, wato PLASCHEMA, kamar yadda Abuja ke da FHIS. Har yau mutane da yawa a bakin kanta suna cewa "katin NHIS", kuma babu laifi, amma kai mai lissafi dole ne ka tambaya ka tabbatar ko katin na tarayya ne ko na jiha, domin jadawalin farashinsu da hanyar neman biyansu ba ɗaya ba ne.

Mataki na farko shi ne gyara takardunka na sana'a, domin babu hukumar inshorar da za ta saurare ka matuƙar hukumar sana'arka ba ta san da kai ba. Mai harhaɗa magunguna yana ƙarƙashin PCN, ma'aikacin gwaje-gwaje MLSCN, mai gashin ƙashi MRTB, nas da ungozoma NMCN, mai ɗaukar hoto RRBN, mai awon ido ODORBN, malamin asibiti na karkara kuma CHPRBN. Lasisin aiki na shekarar da ake ciki ake buƙata, ba shaidar kammala karatu kawai ba. Bayan lasisin mutum akwai rajistar wurin da kansa: rajistar kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da izinin ma'aikatar lafiya ta jiha, da rajistar shago ko ɗakin gwaji a hukumar sana'ar, kuma wanda ke da injin hoto mai amfani da haske mai ratsa jiki sai ya ƙara da izinin NNRA, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan injuna. Ana kuma neman inshorar kariya daga kuskuren aiki, wadda mutane da dama ke mantawa da sabunta ta har sai masu duba wuri sun iso. A nan ya kamata a faɗi gaskiya ga 'yan'uwa masu kemis: lasisin sayar da ƙananan magunguna ba ya mayar da shago famasi, saboda haka ba ya ba mutum damar karɓar takardar magani ta inshora.

Daga nan sai neman amincewar NHIA. Za ka cike takardar neman shiga, ka biya kuɗin da aka yanka, jami'ai su zo su duba wurin, da kayan aiki, da ma'aikatan da ka ce kana da su, in sun gamsu su ba ka lamba. Abin lura a nan shi ne cewa amincewar ta kowane sashe ce daban. Cibiyar da aka amince mata da awon jini ba ta da hurumin neman kuɗin gashi don kawai ta sayi injin gashi ta ɗauki ma'aikaci; sai ta nemi amincewar wannan sashe shi ma. Haka kuma amincewar tana da wa'adi, kuma aikin da ka yi bayan ƙarewarta yana iya zama aikin banza. In kana son ma'aikatan jihar Filato su riƙa zuwa wurinka, sai ka nemi shiga jerin cibiyoyin PLASCHEMA, kada ka ɗauka cewa lambar tarayya ta wadatar.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi, wato sanin matakin da aikinka ya faɗa. Tsarin ya kasa kula da lafiya gida uku: matakin farko, da na biyu, da na uku. Kowane mai inshora yana zaɓar asibiti guda na matakin farko, kuma wannan asibiti ana biyansa abin da ake kira kafiteshan, wato kuɗi ƙayyadadde a kan kowane kai da aka rubuta a ƙarƙashinsa, kowane wata, ko mutumin ya zo ko bai zo ba. Shekaru da yawa kuɗin yana kan naira 750 ga kowane mutum, ta yadda asibitin da ke da mutum 400 zai karɓi naira 300,000 a wata, kuma a cikin wannan kuɗi ne zai ga marasa lafiya, ya ba da magungunan zazzaɓin cizon sauro da na hawan jini marar rikici, ya yi ƙananan gwaje-gwaje. An ƙara kuɗin a 2024, aka sake ƙarawa daga Afrilun 2025, inda hukumar ta ce kafiteshan ya ƙaru da kashi 93 cikin ɗari, kuɗin biyan aiki kuma da kashi 378, idan aka kwatanta da yadda suke a ƙarshen 2023. Mataki na biyu da na uku kuwa ana biyansu ne bisa aikin da aka yi, ɗaya bayan ɗaya, a kan farashin da ke cikin jadawali, kuma kamfanin HMO ne ke biya, wato kamfanin da ke tsakanin hukumar inshora da asibitoci wajen ba da izini da biyan kuɗi.

Ma'anar wannan ga wanda ba likita ba ita ce kuɗinsa na iya fitowa daga ɗaya daga cikin aljihu biyu. Idan asibitin matakin farko ya turo maka mutum domin awon zazzaɓi ko awon fitsari, ko ya rubuta masa maganin da ke cikin na matakin farko ya ce ya karɓa a famasinka, to an riga an biya wannan asibiti kuɗin aikin tun farkon wata, kuma shi ne ke da alhakin biyanka. In ka aika wa HMO takardar neman biya a kan irin wannan aiki, za ta dawo maka da rubutu cewa kafiteshan ya rufe shi, kuma suna da gaskiya. Saboda haka kafin ka fara karɓar mutanen wani asibiti, ku zauna ku rubuta yarjejeniya: wane aiki, a kan wane farashi, za a biya ranar nawa ga wata. Alkawarin baka tsakanin abokan sana'a yana da daɗi a farko, amma ranar da kuɗin asibitin ya makara kai ne na ƙarshe da za a tuna. Wannan tsari na dunƙule kuɗin magani da na gwaji a hannun asibiti shi ne ƙungiyar masu famasi na cikin unguwanni, ACPN, ta daɗe tana kuka da shi, domin ya sa asibitoci da yawa sun gwammace su buɗe ɗakin magani da ɗakin gwaji a cikin gida maimakon su tura wa na waje. A ganina kukan nasu yana kan hanya, amma har a sauya tsarin, wanda ya yi lissafi kamar an riga an sauya shi kansa zai cuta.

Idan kuwa aikin na mataki na biyu ne, kamar gashin ƙashi, ko manyan gwaje-gwaje irin awon hanta da na ƙoda, ko tabarau, to aljihun HMO ne, kuma mabuɗin wannan aljihu shi ne lambar izini, wadda kowa ke kira kod. Ba kai ne ke tura mara lafiya zuwa wurin kanka ba. Asibitinsa na matakin farko ne zai duba shi, ya rubuta takardar turawa da ke ɗauke da cutar da ake zato da aikin da ake buƙata, ya nemi kod daga HMO, sannan mutumin ya iso gare ka da takardar da lambar. Jinkirin bayar da kod ya daɗe yana wahalar da mutane, har wasu su wuni a benci suna jira, shi ya sa hukumar ta umurci kamfanonin HMO da su amsa buƙatar izini cikin awa ɗaya daga Afrilun 2025. Ka riƙa rubuta lokacin da aka nema da lokacin da aka samu, da sunan wanda ya ba ka, domin wannan rubutu ne shaidarka in gardama ta taso. Abu ɗaya da ba a jiran kod a kansa shi ne lalurar gaggawa: dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi kula da wanda ke cikin halin gaggawa, saboda haka a ceci rai tukuna, a nemi lambar nan take bayan haka.

Kod ba buɗaɗɗen izini ba ne, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Wata Hajiya daga Gangare ta kawo maigidanta wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, jikansu na riƙe da shi, takardar turawa a cikin leda tare da katin inshora na ɗansu. Na duba katin na ga sunan ɗan ne da matarsa da 'ya'yansa, na ce mata, "Hajiya, ku yi haƙuri, Baba ba ya cikin wannan kati, sai dai in an yi masa nasa." Ta ce, "Ɗana, ai an yi masa, ga shi nan," ta zaro wani kati daga ƙasan jaka, lallai an ƙara shi a matsayin ƙarin wanda ake ɗaukar nauyinsa. Na yi murna har na manta da karanta saƙon izinin da kyau. Kod ɗin na zama biyar ne, mu kuwa muka yi masa goma, domin hannun ya fara motsi kuma babu mai son a tsaya. Da muka kai takardun ƙarshen wata, kamfanin ya biya biyar ya soke biyar, kuma ba mu da bakin magana. Abin da ya kamata mu yi shi ne a zama na huɗu mai gashin ya rubuta rahoton ci gaban da aka samu, a mayar wa likitan da ya turo, a nemi sabon kod kafin na farko ya ƙare. Tun daga ranar nake rubuta adadin zaman da aka amince da jan biro a saman katin mara lafiya, ana kammala kowane zama shi ko wanda ya rako shi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban kwanan watan.

Labarin katin ya kawo mu ga tantance mai inshora. A shirin ma'aikata, inshorar tana rufe ma'aikaci, da abokin aure guda, da 'ya'ya huɗu na cikinsa da ba su kai shekara 18 ba. Mata ta biyu, ko ɗa na biyar, ko iyaye, sai an yi musu rajista ta daban an biya. A gidajenmu da ake zaune da yawa, ba abin mamaki ba ne a kawo yaro da katin yayansa, ba da nufin zamba ba, sai don ana ganin duk gida ɗaya ne. Ka duba hoto, ka duba shekaru, ka tabbatar sunan yana cikin jerin da ke aiki a wannan lokaci, domin jerin yana sauyawa: wani ya yi ritaya, wani ya sauya asibiti, wani yaro ya cika 18.

Ga mai famasi akwai ƙarin ƙa'idoji guda biyu da ba su shafi sauran ba. Ta farko ita ce jerin magungunan hukumar, wanda aka rubuta da ainihin sunan magani, ba sunan kamfanin da ya yi shi ba, kuma farashin da ke cikin jerin shi za a biya ka ko da ka ba da mai tsada. Ta biyu ita ce kashi 10 cikin ɗari da mara lafiya ke biya daga aljihunsa a shirin ma'aikata. Misali, in kuɗin magungunan a jadawali ya kama naira 8,000, za ka karɓi naira 800 a hannunsa ka ba shi rasit, sannan ka nemi naira 7,200 daga wanda ke da alhakin biya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓi 800 ɗin sannan a rubuta 8,000 a takardar neman biya, wanda masu tantancewa ke ganewa nan da nan. Kashi goman kuma na magani ne kaɗai. Ba a karɓarsa a kan awon jini ko gashi. Marasa galihu da aka yi wa rajista ƙarƙashin asusun kula da lafiya na matakin farko, BHCPF, wanda dokar 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ba a karɓar komai a hannunsu a kan ayyukan da asusun ya rufe. In mara lafiya ya dage sai maganin wani kamfani na musamman, a bayyana masa tun kafin a ɗauko cewa wannan ya fita daga jerin, a bar shi ya zaɓa da saninsa.

Nas da ungozoma da malamin asibiti matsayinsu ya ɗan bambanta, domin su ne kaɗai a cikin waɗanda muke magana a kansu da za su iya tsayawa a matakin farko su karɓi kafiteshan da kansu. Gidan haihuwa ko na jinya mai zaman kansa yana iya samun amincewa idan ya nuna shaidar cewa akwai likitan da yake komawa gare shi, haka kuma cibiyoyin lafiya na matakin farko na ƙananan hukumomi, irin waɗanda ke ƙauyukan Bassa ko Jos ta Gabas, galibi malaman asibiti ne ke riƙe da su. Su iyakarsu ita ce hurumin sana'a. Malamin asibiti yana aiki ne da littafin umurni da aka tsara masa, wanda ya fayyace abin da zai yi magani da abin da zai tura gaba, kuma manufar gwamnati ta raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya ta 2014 ta faɗaɗa wasu abubuwa da zai iya yi bayan horo, amma ba ta mayar da shi likita ba. Duk aikin da ya wuce hurumin wanda ya sa hannu, ba za a biya shi ba, kuma yana iya jawo tambaya daga hukumar sana'a. Ungozomar da ta ga naƙuda ta yi tsawo, aikinta a fuskar lissafi shi ne ta rubuta takardar turawa, ta nemi kod, ta tura matar asibitin da ke da ɗakin tiyata, ko asibitin ƙwararru na jiha ne ko asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, JUTH, da ke Lamingo, gwargwadon abin da lalurar ke buƙata.

Haɗa takardar neman biya, wadda muke kira kilem, aiki ne na kullum, ba na daren ƙarshen wata ba. Kowane layi ya ɗauki cikakken suna kamar yadda yake a kati, da lambar inshora, da sunan HMO, da kod, da ranar aiki, da cutar da likita ya rubuta, da sunan aikin kamar yadda aka rubuta shi a jadawali, da farashinsa. A haɗa da kwafin takardar turawa ko ta magani, da kwafin sakamakon gwaji in gwaji ne, da takardar sa hannun mara lafiya. Masu tantancewa suna duba ko aikin ya dace da cutar: in takarda ta ce ciwon baya, kai kuma ka nemi kuɗin awon hanta, za a soke ko da likita ya faɗa maka da baki, saboda haka in ka ga rashin dacewa ka mayar a gyara tun mutumin yana gabanka. Ka tabbatar kana amfani da jadawalin da ke aiki a ranar da aka yi aikin, domin bayan ƙarin 2025 na ga cibiyoyin da suka yi watanni suna rubuta tsohon farashi, kuma babu kamfanin da zai kira ka ya ce ka nemi ƙasa da haƙƙinka. Kowace HMO a ware mata nata ƙunshi, a miƙa cikin wa'adin da ke rubuce a yarjejeniyarku, a karɓi shaidar isarwa, ko hatimi a kan kwafi ko amsar imel.

Idan kuɗi ya shigo, kada ka tsaya a jimilla. Ka nemi takardar da ke nuna abin da aka biya da abin da aka rage a kowane layi, ka gwada da naka littafin. Wanda aka soke saboda takarda ta ɓace, a sake aikawa da ita. Wanda aka rage ba tare da dalili ba, a rubuta wasiƙa a nemi zaman daidaita lissafi. In kamfanin ya yi kunnen ƙashi, sai a kai ƙorafi a rubuce ofishin NHIA na jiha, tare da kwafin kilem da shaidar isarwa da wasiƙun da aka yi. Wani lokaci kamfani kan zo da takarda yana neman ka sa hannu cewa ba ka bin sa bashi, domin yana buƙatarta a gaban hukuma. Kada kunya ko zumunci su sa ka sa hannu alhali kuɗinka bai shigo ba, domin bayan haka ƙorafinka ba shi da ƙafa.

Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ka juya kan mara lafiya ka ce ya cika maka giɓin da ke tsakanin farashin jadawali da naka farashi, ko ka riƙe sakamakon gwajinsa saboda HMO ba ta biya ka bashin wata uku ba. Haka nan rubuta zaman gashin da ba a yi ba, ko gwajin da ba a ɗebi jininsa ba. Hukumar tana hukunta irin wannan da gargaɗi, ko tara, ko dakatarwa, ko cire cibiya daga jerin gaba ɗaya, kuma masu bincike sukan kira mara lafiya a waya su tambaye shi sau nawa ya zo. In farashin wani aiki bai biya maka kuɗin sinadarin gwaji da man janareta ba, hanyar ita ce ku haɗa lissafin abin da aikin ke ci ta ƙungiyar sana'arku ku gabatar wa hukumar lokacin sake duba jadawali, ko kuma ka sanar da HMO a rubuce cewa ka daina wannan aikin domin su tura mutanensu wani wuri.